Lecanemab ko Donanemab: ta wace ƙofa amiloyid zai fita daga ƙwaƙwalwa?

Iyalan da likita ya tabbatar musu cewa dattijonsu ya kamu da cutar Alzheimer, wadda a gida aka fi sani da gigin tsufa, yanzu sukan ji labarin magunguna biyu da ake bayarwa ta ƙarin ruwa. Ɗaya lecanemab, da ake sayarwa da sunan Leqembi, na kamfanonin Eisai da Biogen. Ɗayan donanemab, mai suna Kisunla, na kamfanin Eli Lilly. Duka biyun suna kwashe amiloyid, wani furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar, daga ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka fi tambaya shi ne wanne ya fi ƙarfi. Kafin a kai nan, sai an san hanyar da amiloyid ke bi ya fita, domin a kan wannan hanyar amfanin maganin yake, kuma a kanta haɗarinsa yake.

Yadda ƙwaƙwalwa ke fitar da shararta

Amiloyid-beta guntun furotin ne da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, wato niyuron, ke samarwa kullum, har a jikin mai cikakkiyar lafiya. Akwai wani babban furotin mai suna APP da ke kafe a fatar niyuron. Inzayim biyu, wato furotin masu aiki kamar almakashi, beta-sekretes da gama-sekretes, su ke datse shi, sai guntun ya faɗo. Wani guntun yana da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, 40, wani 42, kuma mai 42 ɗin ya fi danƙo, shi ke saurin manne wa ɗan'uwansa. Da farko su haɗu ƙanana-ƙanana suna yawo a cikin ruwan ƙwaƙwalwa, sannan su zama zare, daga ƙarshe su daskare su zama curi a tsakanin ƙwayoyin.

A 2006 Randall Bateman da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun auna wannan a jikin mutane masu lafiya. A kowace awa ana samar da kusan kashi 7.6 cikin 100 na amiloyid ɗin da ke cikin ruwan ƙwaƙwalwa, ana kuma fitar da kusan kashi 8.3. A 2010 suka sake aunawa a jikin masu Alzheimer ta tsufa: samarwa ba ta ƙaru ba, fitarwa ce ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Ga yawancin tsofaffi ke nan, ruwan saman bai ƙaru ba, kwata ce ta cushe.

Masu aikin fitarwar su ne makarɓa, wato furotin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta, suna cafke abin da ya zo wucewa su shigar da shi ciki. Babbansu a wannan aiki shi ne LRP1. A jikin niyuron, LRP1 yakan kama amiloyid, fatar ta lotsa ta zama 'yar jaka, jakar ta kai kayan ga laisosom, wanda shi ne tukunyar narkar da shara ta cikin ƙwayar. A 2013 masu bincike a Mayo Clinic da ke Jacksonville sun cire LRP1 daga niyuron na ɓeraye. Amiloyid ya daɗe bai fita ba, curin ya yawaita, alhali samarwar ba ta canja ba. Akwai wani makarɓin kuma, SorLA, wanda ke janye APP daga wurin da ake datse shi, yana kuma tura sabon amiloyid zuwa laisosom. Iyalan da suka gaji nakasa a ƙwayar gadon da ke yin sa sukan kamu da cutar da wuri.

LRP1 ɗin nan yana kuma jikin bangon ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. A can aikinsa fito ne: ya ɗauki amiloyid daga gefen ƙwaƙwalwa, ya ratsa da shi bango, wani famfo mai suna P-glaikofurotin ya ƙarasa tura shi cikin jini, hanta da ƙoda su gama da shi. Da tsufa, yawan LRP1 a wannan bango yana raguwa. A kan bangon kuma akwai abokin hamayyarsa, RAGE, mai shigo da amiloyid daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, kuma shi ƙaruwa yake yi a cikin masu cutar.

Sai 'yan sharar ƙwaƙwalwa, maikurogiliya. Waɗannan ƙwayoyin garkuwa ne da ke kewaye curi suna cinsa, kuma makarɓin da ke sanar da su inda aiki yake shi ne TREM2. A 2013 aka wallafa cewa wanda ya gaji nau'in TREM2 mai rauni da ake kira R47H, haɗarin kamuwarsa ya ninka kusan sau uku. Baya ga waɗannan akwai inzayim irin su nefrilaisin da ke daddatse amiloyid a inda yake, da kuma ruwan da ke gudana a gefen hanyoyin jini yana wanke tsakanin ƙwayoyi, wanda ƙungiyar Maiken Nedergaard a Rochester ta Amurka ta bayyana a 2012.

Me ya sa ba a yi maganin da zai ƙarfafa makarɓan kai tsaye ba

An gwada, kuma ya kamata mai zaɓe ya san sakamakon, domin akwai masu tallar ƙwayoyi da garin magani da sunan suna “buɗe ƙofofin ƙwaƙwalwa”. Azeliragon, wanda aka yi don toshe RAGE, ya faɗi a babban gwajinsa a 2018. AL002 na kamfanin Alector, mai zaburar da TREM2, ya faɗi a ƙarshen 2024. LRP1 kuwa ƙofa ce ta kowa da kowa: yana ɗaukar kaya iri-iri fiye da 40, har da kitse da furotin masu alaƙa da daskarewar jini, kuma a 2020 aka gano cewa ta cikinsa ne tau, ɗayan furotin mai lahani a wannan cuta, ke shiga niyuron ya bazu daga wannan zuwa wancan. In ka faɗaɗa ƙofar don amiloyid ya fita, ka faɗaɗa wa tau ita ma. Har yanzu babu wani magani da hukuma ta amince da shi wanda ke aiki ta makarɓan niyuron.

Abin da ya yi nasara ya bi wata ƙofa dabam. Lecanemab da donanemab duka antibodi ne, wato furotin garkuwa da aka ƙera a ɗakin gwaji. Kansu yana manne wa amiloyid, wutsiyarsu kuma tana kama wani makarɓi a jikin maikurogiliya mai suna Fc-gama, sai ƙwayar ta haɗiye abin da aka yi wa alama. Kusan ɗaya cikin dubu na abin da aka ɗura a jini ne ke tsallaka bango ya shiga ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba da shi da yawa, ana kuma maimaitawa.

Inda suka bambanta

Lecanemab ya samo asali daga binciken Lars Lannfelt a Suwidin, kuma ya fi kama amiloyid tun yana ƙananan dunƙule masu yawo a ruwa, kafin ya daskare, ko da yake yana cin curin ma. Donanemab yana neman wani nau'i ne na amiloyid da ƙarshensa ya sauya siffa, wanda ba a samunsa sai a cikin tsohon curi. Daga nan duk sauran bambancin ya taso. Ƙananan dunƙulen kullum ake sabunta su, don haka lecanemab magani ne na ci gaba. Curi kuwa in ya ƙare, donanemab ba shi da abin kamawa, sai a dakata.

Ana ba da lecanemab gwargwadon nauyin jiki, miligiram 10 ga kowane kilo, sau ɗaya a mako biyu. Dattijuwa mai kilo 60 za ta karɓi miligiram 600, a zuba shi cikin ledar ruwan gishiri mai mililita 250, ya ɗiga na kusan awa ɗaya. A ranar farko akan ajiye ta awanni ana duba ta, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu, kashi 26 cikin 100, yakan yi zazzaɓi, rawar ɗari ko ciwon jiki, galibi a karon farko. A wata 18 za ta je asibiti kusan sau 39. Bayan nan ana iya komawa sau ɗaya a mako huɗu, kuma tun Agustan 2025 hukumar FDA ta Amurka ta amince da allurar ƙarƙashin fata mai miligiram 360 a kowane mako, wadda ake yi a gida, ga waɗanda suka gama watannin farko.

Donanemab ba ya bin nauyi. Kwalba ɗaya miligiram 350 ce, ana ba da shi sau ɗaya a mako huɗu, ƙarin ruwan na kusan minti 30, sai a jira wani minti 30. Tsarin farko shi ne miligiram 700 sau uku, sannan 1400. A Yulin 2025 aka sauya zuwa hawa a hankali: 350, sai 700, sai 1050, sannan 1400 daga karo na huɗu. A wata 18 zuwa asibiti bai wuce sau 19 ko 20 ba, kuma da yawa ba sa kaiwa nan. A babban gwajinsa, kusan rabin mutanen sun cika sharaɗin dakatawa a wata 12, kusan kashi 69 cikin 100 kuma a wata 18. Masu rashin jituwa da ƙarin ruwan ba su kai kashi 9 cikin 100 ba.

Ta fuskar amfani, gwajin Clarity AD na lecanemab ya ɗauki mutum 1,795 na tsawon wata 18. A ma'aunin CDR-SB, mai maki 0 zuwa 18, wanda ke duba tunani da iya hidimar kai, masu maganin sun taɓarɓare da maki 1.21, waɗanda aka ba ruwa marar magani da 1.66. Jinkirin kashi 27 cikin 100 ke nan. Gwajin TRAILBLAZER-ALZ 2 na donanemab ya ɗauki mutum 1,736 na mako 76, ya samu jinkirin kashi 29 a wannan ma'auni ga duka mahalarta, da kashi 36 ga waɗanda tau bai yi musu yawa ba. Kashi 35 da ake yawan ambata daga wani ma'auni ne dabam, kuma na wannan rukuni mai ƙarancin tau ne kawai. Kuskure ne a jera 27 da 35 a ce donanemab ya fi, domin mutanen ba ɗaya ba ne, ma'aunin ba ɗaya ba ne, kuma ba a taɓa gwada su fuska da fuska ba. A ganinmu amfaninsu ya yi kusa da juna ƙwarai. Babu wanda ke maido da abin da ya tafi, babu wanda ke tsayar da cutar. Abin da ake samu shi ne watanni kaɗan, kimanin 5 a cikin 18, da mutum zai ƙara yana gane hanyar masallaci, yana lissafin kuɗin cefane da kansa. Ga wasu iyalai wannan babban abu ne, kuma ba mu raina shi ba.

A kwashe curi, donanemab ya fi sauri da zurfi. Wannan saurin kuma shi ne tushen matsalarsa.

Haɗarin da ke kan bangon jijiya

Amiloyid ba a tsakanin niyuron kawai yake taruwa ba. Wanda ya kasa fita ta LRP1 ko ta ruwan gefen jijiya yakan maƙale a jikin bangon hanyoyin jini, ya maye gurbin tsokar bangon. Idan antibodi ya zo, yana kama wannan ma, garkuwar jiki ta far masa, ga kuma amiloyid ɗin da aka farfasa daga curi yana tururuwa zuwa hanyar da dama ta cushe. Sai bangon ya fara yoyo. In ruwa ne ya tsatso, a ga kumburi a hoton MRI, ana kiransa ARIA-E. In jini ne, a ga baƙaƙen ɗigo kamar an yayyafa barkono, wannan shi ne ARIA-H.

Da lecanemab, kashi 12.6 cikin 100 sun samu kumburin, kashi 17.3 sun samu ɗigon jini. Da donanemab a tsohon tsari, kashi 24 da kashi 31. Sabon tsarin hawa a hankali ya sauko da kumburin zuwa kusan kashi 14 a mako 24, wanda ya rage tazarar sosai. Yawanci mutum ba ya jin komai, hoto ne ke nunawa, kuma yakan baje cikin 'yan watanni in an dakatar da maganin. Amma wasu sukan yi ciwon kai, ruɗewa fiye da ta da, jiri, dishi-dishin gani, ko farfaɗiya. Mutum uku sun rasu ta wannan hanya a gwajin donanemab, an kuma samu rasuwa a cikin masu lecanemab, har da waɗanda aka haɗa musu da maganin tsinka jini.

Saboda haka MRI ba zaɓi ba ne. Ga donanemab ana yin sa kafin farawa, sannan kafin karo na 2, na 3, na 4 da na 7. Ga lecanemab kafin farawa, sannan kafin karo na 3, na 5, na 7 da na 14. Wanda ke da na'urar bugun zuciya da ba ta shiga MRI, ko wanda hoton farko ya nuna ɗigon jini fiye da huɗu ko tsohuwar zubar jini babba, ba a ba shi ko ɗaya. Haka mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, apixaban ko makamancinsu: yawancin ƙwararru ba sa haɗawa.

Bayan MRI, ƙwayar gadon ApoE ita ce ta biyu a muhimmanci. ApoE furotin ne mai dakon kitse wanda ke riƙe amiloyid ya kai shi bakin makarɓi. Nau'in ApoE4 yana karkatar da kayan daga LRP1 mai sauri zuwa wani makarɓi mai nawa, don haka masu shi sun fi tara amiloyid a bangon jijiya. Wanda ya gaji ApoE4 daga uwa da uba duka, kumburin ya same shi da kashi 33 cikin 100 a lecanemab, kusan kashi 41 a donanemab. Birtaniya da Tarayyar Turai sun amince da magungunan ne ban da waɗannan mutane. Amurka ta bari, da gargaɗi mai ƙarfi. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Binciken Ibadan da Indianapolis, wanda aka fara a farkon shekarun 1990, ya nuna cewa ApoE4 bai ɗaga haɗarin Alzheimer a tsakanin Yarabawan Ibadan kamar yadda yake yi a Turawa ba. Wannan magana ce ta kamuwa da cutar, kada a ɗauke ta a matsayin kariya daga ARIA. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin 100 na mahalarta manyan gwaje-gwajen biyu ba, don haka gwajin ApoE kafin farawa wajibi ne ga namu ma.

Wanne ga wa

Da farko a tabbatar mutum yana cikin waɗanda maganin ya shafa. Na matakin farko ne kawai: mai mantuwa da har yanzu yake wanka da sa tufafi da kansa, wanda makinsa a gwajin MMSE, wato tambayoyin auna tunani, ya kai 22 zuwa sama ga lecanemab, ko 20 zuwa 28 ga donanemab. Dattijon da ya daina gane 'ya'yansa ya wuce wurin, kuma ɗaukarsa zuwa ƙasar waje don wannan wahala ce kawai. Dole kuma a tabbatar akwai amiloyid ɗin, ta hoton PET, wato hoton ƙwaƙwalwa mai nuna curin, ko ta ɗibar ruwan ƙashin baya. Gwajin jini na p-tau217, wani nau'in tau, da FDA ta amince da na farkonsa a Mayun 2025, yana taimakawa wajen tacewa. Wannan mataki yana da nauyi a wurinmu, inda hawan jinin da ba a kula da shi ba ya yi yawa, kuma mantuwar mutane da dama daga toshewar ƙananan jijiyoyi take, ko ƙarancin bitamin B12, ko matsalar maƙoƙo, ko ciwon damuwa. Antibodi ba ya yi wa waɗannan komai.

In an tsallake wannan, ga yadda muke auna su. Wanda zai yi doguwar tafiya ko zaman jinya a wata ƙasa, donanemab ya fi masa sauƙi: sau ɗaya a wata, kuma akwai ranar gamawa. Sai dai gamawar tana buƙatar hoton PET na amiloyid don a ga curin ya tafi, kuma watanni shida na farko dole ya zauna kusa da MRI da likitan ƙwaƙwalwa, ba ya zo ya karɓa ya hau jirgi washegari ba. Wanda ke da ApoE4 guda ɗaya, ko ɗigon jini ɗaya ko biyu a hoton farko, mun fi karkata masa ga lecanemab, domin shaidar ƙarancin kumburinsa ta fito daga babban gwaji, ta sabon tsarin donanemab kuwa daga ƙaramin gwaji ne mai gajeren lokaci. Mai ApoE4 biyu, shawararmu ya yi dogon nazari da likitansa, kuma barin duka biyun zaɓi ne mai hujja.

Kuɗi: a Amurka farashin da aka sanya wa lecanemab a 2023 dala 26,500 ne a shekara ga mai matsakaicin nauyi, na donanemab kuma a 2024 kusan dala 32,000 a wata 12. A shekarar farko lecanemab ya fi araha. In aka dakatar da donanemab a wata 12 aka ci gaba da lecanemab shekara uku, lissafin ya juya. Wannan kuɗin magani ne zalla, ban da MRI, PET, gado da likita. A 2025 hukumar NICE ta Ingila ta ƙi saka su a asibitocin gwamnati saboda ta ga amfanin bai kai kuɗin ba.

Ga mafi yawan iyalai, abin da ke hannu shi ne kare hanyoyin fita na asali, kuma dukansu a jikin jijiyar jini suke. Gwajin SPRINT MIND da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa sauko da lambar sama ta hawan jini ƙasa da 120, maimakon 140, ya rage fara raunin tunani da kashi 19 cikin 100. Kula da ciwon suga, barin taba, tafiya a ƙafa kullum da maganin minshari mai yanke numfashi duk suna cikin wannan layi. Barci ma haka: a 2013 an ga amiloyid yana fita da ninkin sauri a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu barci, kuma a mutane rashin barcin dare ɗaya yana ɗaga shi. Donepezil, da ake farawa da miligiram 5 a koma 10 bayan mako huɗu zuwa shida, da memantine, ba sa taɓa amiloyid, amma suna sassauta alamu, ana kuma iya shan su tare da antibodi.

Akwai na gaba da ke tafe, trontinemab na kamfanin Roche, wanda aka ɗaura wa wani hannu da ke kama makarɓin transferin, ƙofar da sinadarin ƙarfe ke bi ya shiga ƙwaƙwalwa. Ta haka yake tsallaka bango da yawa a kan ƙaramin awo, kuma a gwajin farko ya kwashe curi da sauri da ƙarancin kumburi. Yana matakin babban gwaji, ba a sayar da shi.

Duk wanda ya fara lecanemab ko donanemab, a rubuta masa kati da sunan maganin, ranar ƙarin ruwa na ƙarshe da lambar likitansa, ya zauna a aljihunsa, mai rakiyarsa ma ya riƙe kwafi. ARIA kan zo da kamannin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya mutu. Likitan gaggawa da bai san da maganin ba zai iya yi masa allurar narkar da gudan jini, alteplase, wadda a wannan hali kan jawo zubar jini mai kisa. A nuna katin tun a bakin ƙofa, a nemi MRI kafin a yi allurar narkar da gudan jini.